Ajin Saudatu a Kangon Tirwun

Saudatun gidan Malam Jalo? Ai tana Chadi, shekara biyu ke nan, Turanci take koya wa yara. Amma saura ƙiris da ba ta je ba. Matso da kujerar ki ji, kafin wainar ta soyu.

Lokacin ta gama kwalejin malamai ke nan. Makarantar can suka ce kafin su ɗauke ta, sai ta tura musu bidiyo tana koyarwa, ranar Laraba ce ƙarshe. To kin san unguwarsu, Wunti. Keke, mashin, ga injin markaɗe a jikin katangarsu. Duk wanda ta ɗauka ba a jin muryarta. Ran Larabar kawunta Mijinyawa ya ce ta je gidan da yake ginawa a Tirwun, an yi rufi, ba a sa ƙofofi ba, shiru ne wurin.

Sai la'asar sakaliya ta isa. Ta jera bulo shida a falo kamar kujerun 'yan aji, ta jingina waya a taga. Sai ta yi yadda aka koya musu, ta tsaya a bakin ƙofa da fara'a ta ce, "Ku shigo, ku zauna."

A kango, da almuru. Ke ma kin san ba a gayyatar kowa.

Ta fara darasi. Ba a jima ba wari ya taso, kamar kwatar mahauta an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a ciki. Ta ce ko mushen akuya ne a bayan gida. Ta toshe hanci da mayafi ta ci gaba, don cajin wayar ya kusa ƙarewa. Korayen ƙudaje suka fara sauka kan bulon.

Ta faɗi kalma. Ta ɗan dakata, yadda ake barin yara su maimaita.

Aka maimaita.

Murya shida, a jiƙe, kamar bakin da ke cike da koko.

Ta duba bulon. Duk sun yi baƙi, wani yauƙi na ɗiga a gefensu. A kansu kuwa ga wasu halittu nan zaune, gajejjeru, fatarsu kamar tumbin saniya da aka wanke. Babu leɓe. Ta gaban, mai fuskar tsohuwa, ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Malama," ta ce a hankali, "ba mu ga inda kike sa harshen ba."

Saudatu ta kasa motsi. Abar ta sauko tana jan ciki, tana barin danshi a siminti. Ta kama zaninta ta hau.

Yatsa biyu ta zura mata a baki. Sanyi. Ƙarni. Akwai abin da ke motsi a ƙarƙashin farcen.

Ta riƙe harshen.

"Ara mana," ta raɗa mata. "Namu ya ruɓe."

Ta buɗe baki ta nuna mata. Wata baƙar tsoka ce, tsutsa na shiga suna fita.

Ta fara ja.

Saudatu ta so yin addu'a, ba harshe. Ta ji jijiyar ƙasan bakinta na shirin tsinkewa. Da shi za ta ci abinci, da shi za ta riƙe iyayenta, ga shi a hannun ƙazanta. Haushin wannan ne ya fi tsoron yawa. Ta tafa hannu sau biyu da ƙarfi, irin na malamai in aji ya kaure da surutu. Ta zare ido, ta nuna bulon da yatsa.

Abar ta daina ja.

Yatsun suka saki. Abar ta zame ƙasa, ta koma wurinta ta zauna, kanta a sunkuye.

"Kowa ya kifa kai," Saudatu ta ce, jini na bin haɓarta. "Kada wanda ya ɗago."

Suka kifa.

Ta ɗauki wayar, ita ma duk yauƙi. Ta fita da baya da baya. Sai da ta kai wata gonar masara ta durƙusa ta yi ta amai, har ba abin da ya rage.

Farkon bidiyon ta yanke ta tura, ba ta ko kalla ba. Washegari shugabar makarantar ta kira ta, ta ce an ɗauke ta. Wai abin da ya fi burge su shi ne yadda ɗalibanta ke amsawa baki ɗaya.

Tana can lafiya, yara na son ta. Sai dai uwarta ta ce min har yau da magariba sai ta kurkure baki da ruwan gishiri, kuma ko kusa da miyar kuɓewa ba ta zama.

Bari in sallami bayin Allahn nan, tun ɗazu suke tsaye da kwanukansu.