Kafin Azahar

Ranar da Saeed ya fara ganin Maltiti, tana taya mahaifiyarta sayar da koko a ƙofar gidansu a unguwar Tishigu, cikin Tamale. Hutu ya zo daga Accra, inda yake gyaran firij. Ya sayi koko ya manta da ƙosai, ya dawo. Washegari ma haka.

"Kai dai akwai mantuwa," in ji ta.

"Da gangan nake yi, Titi."

Da ya koma Accra sai ya rubuto: "Hasken Tishigu, kokon nan garin ruwa ne zalla. Ki gaida Mma." Ta amsa: "Mai mantuwa, ƙosanka na nan na jiranka."

Amma da manyansa suka kawo goro, mahaifinta Baba Andani ya mayar musu da shi. Shi ma tsohon, yana saurayi ya yi dako a Accra. Da mahaifiyarsa ta rasu ya kwana a lori, ya iso ya tarar an binne ta tun jiya.

"Ba zan kai 'yata inda za ta dawo ta tarar da kabarina ba," ya ce. "Ga Sayibu nan, shagonsa na kallon ƙofarmu."

Saeed ya kira shi a waya. "Baba, yanzu jirgi awa ɗaya ne zuwa Tamale."

"Jirgi na manya ne, yaro. Irinmu lori muka sani."

Maltiti ta daina amsa saƙo, don ba ta san abin da za ta ce ba. Shi kuwa ya ɗauka ta juya masa baya. "Titi, in na kusa kika zaɓa, faɗa mini. Ba zan riƙe ki a zuciya ba." Ta karanta, ta kife wayar, ta yi kuka.

Wata Alhamis da asuba Mma Sala, mahaifiyarta, ta cika. Aka sa jana'iza bayan azahar. Maltiti ta rubuta wa Saeed: "Mma ta rasu. Bayan azahar za a kai ta." Ba ta ce ya zo ba.

Daga cikin mata ta leƙa lokacin da maza suka ɗaga makara. Sayibu ya tafi sari Kumasi, yana kan hanya. Amma ga Saeed a gaba, da rigar aikinsa mai tabon mai, kafaɗarsa ƙarƙashin makarar.

Da aka dawo daga maƙabarta, tana bayan ƙofa ta ji mahaifinta yana tambayar Saeed.

"Yaushe ka taso?"

"Da hantsi, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon jar ƙasar da ke hannun yaron. Sai kuka ya ƙwace masa, na matarsa da na uwarsa a haɗe.

"Ka ce wa manyanka su dawo da goron. Amma in tawa ta zo, ka kawo mini ita kafin azahar."

"Na ɗauki alkawari, Baba."

Bayan sadakar arba'in aka ɗaura aure, ba kiɗa. A filin jirgi Baba Andani ya riƙe hannun 'yarsa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a tagari. Mace ta farko, sunanta Sala."

Ya tsaya yana kallon sama har jirgin ya ɓace, sannan ya duba agogonsa.