Uwar Garken Hajiya Barira

"Kai ka ce in rabu da kamfanin Legas," in ji Hajiya Barira, tana nuna ƙaninta Hadi da makullin kanti. "Ka ce ga ta kyauta, ga ta buɗaɗɗiya. To ga shi ta buɗe ta yi gaba."

"Yaya, manhaja ba ta da ƙafa. Injin aka ɗauke."

"Da can da nake biya duk wata, wa ya taɓa ɗauke mini ko tsinke?"

A haka Sufeto Rilwanu ya iske su ranar Juma'a bayan la'asar. Ana masallaci aka ɗauke injin. Maƙwabta sun cika ƙofa, kowa wai jaje ya zo yi.

Kantin Hajiya a Birnin Kudu ba irin wanda za ka shiga ka yi tayi ba ne. A intanet yake. Matan Gwaram da Basirka da Maruta su yi daddawa da kuka da man gyaɗa, ita ta ɗauki hoto ta sa, mutanen Abuja da Fatakwal su saya ta waya. Da kamfanin da ke riƙe mata kantin ya tsawwala kuɗi, sai Hadi, da tumbinsa da takardar boko, ya sayo inji ya zuba masa wata manhaja ta kyauta, ya kwashe kantin kaf ya mayar ciki. Wai sunan injin uwar garke. Ba ƙaho, ba nono, wani baƙin akwati ne mai huci.

Sufeto ya duba ɗakin baya, inda ake ajiye injin da kayan sayarwa. Kwaɗo lafiya lau. Ga batiran sola, ga sabuwar kwamfuta a kan tebur, ba wanda ya taɓa.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da wannan," in ji Hajiya, "sai Ɗanbala direba da ke kawo kaya daga Gwaram."

"Malam Hadi, akwai kwafin abin da ke cikin injin?"

Hadi ya dubi takalminsa. "Na ce sai bayan Sallah zan yi."

"Na Legas fa?"

"Sun goge namu tun da muka tashi."

Hajiya ta sulale ta zauna a kan galan. Sunayen masu saye, lambobinsu, odar Sallah, duk abin da ta tara tun tana talla a waya, yana cikin akwatin nan. In bai dawo ba, babu kanti.

A bayan ƙofa Sufeto ya tsinci wani buhu mai warin daddawa, an ɗinke bakinsa da jan zare.

"Sau biyu ina iske shi a lulluɓe a kan injin," in ji Hadi. "Har ya kusa ƙonewa don zafi. Na zaci Yaya ce."

"Ni? Ina ruwana da lulluɓe akwati, amarya ce?"

"Wa ka yi wa bayanin injin nan a gari?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

Ƙarya yake. Washegari da safe Iliyasu mai shayi ya zazzage wa Sufeto komai tun kafin ruwa ya tafasa.

"Hadi? Ai kullum sai ya yi mana lacca a bencin nan. Wai tasu buɗaɗɗiya ce, kowa a duniya yana iya leƙa cikinta ya ga yadda take, har mutumin Chaina."

"Wa ya fi sa kunne?"

"Ɗanbala. Ya tambaya, har da na Chaina? Hadi ya ce har da shi. Ranar ko shayinsa bai shanye ba."

Sufeto ya sami Ɗanbala a tasha yana ɗaure kaya.

"Ina ka yi Juma'a jiya?"

"A Gwaram, ranka ya daɗe. Sahun gaba."

"Ka san buhun nan?"

"Buhu ai duk kamarsu ɗaya."

Sufeto bai ja maganar ba. Ya ɗauki kofur ɗinsa suka nufi Gwaram. A soron gidan Ɗanbala ya yi sallama, matar gidan, Azumi, ta amsa daga bayan ƙyaure. Aka miƙa mata buhun.

"Nawa ne. Ni nake ɗinki da jan zare don kada a haɗa daddawata da ta wasu."

"Maigidan ya yi Juma'a a nan?"

"Sai da magariba ya shigo, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Lafiya dai?"

"Kwanan nan ya canza miki?"

"Tambaya ɗaya yake ta nanatawa. Wai ranar da Hajiya ta ɗauke ni hoto ina shanya, da mayafi a kaina ko babu. Na ce a tsakar gidana nake, mace ce ta zo, mayafin me?"

Da yamma aka kawo Ɗanbala caji ofis. Hajiya da Hadi suna zaune, Azumi ma ta biyo motar kasuwa ta zo, ta rakuɓe a lungu. Sufeto ya ajiye buhun a kan tebur.

"Taɓon wane kududdufi ne a wandonka?"

Ɗanbala ya dubi buhun, ya dubi matarsa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Na bayan Maruta. Na ɗaura wa injin dutse na jefa."

Hadi ya dafe kai.

"Ranka ya daɗe, ni ba ɓarawo ba ne. Shi da bakinsa ya ce kowa yana leƙa ciki. Matata tana ciki ba ɗankwali. Na rufe shi da buhu, aka yaye. Na sake rufewa, aka yaye. Ya zan yi?"

"Me ya hana ka tambayi Hajiya?"

"In buɗe baki in ce maza suna kallon iyalina?"

"Tsarin ginin manhajar ake gani," in ji Hadi, kamar zai yi kuka. "Yadda aka ƙera ta. Kamar kowa ya san yadda ake yin kwaɗo, amma ba kowa ke da makullin ɗakinka ba. Ba wanda ke ganin abin da ke ciki."

"To me ya sa ba ka faɗa haka a teburin shayi ba?" in ji Sufeto.

Hadi ya kau da kai.

Hajiya ta laluba jaka ta fito da wayarta, ta juya wa Azumi fuskar.

"Ga hotonki nan. Bai taɓa barin wayata ba. Hannuwanki kawai na yanka na sa a kanti."

Ɗanbala ya miƙa hannuwansa. Kofur ya sa masa ankwa, Ɗanbala ya bi shi zuwa bayan kanta salin alin, ko waiwaye bai yi ba.

"In an tsamo shi gobe, zai tashi?" Sufeto ya tambayi Hadi.

"Sai dai a gwada, Yallaɓai. Ya kwana a ruwa." Ko shi bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Azumi ta matso, tana murza bakin hijabi.

"Hajiya, daddawar Sallah fa? Na riga na shanya. Matan unguwarmu ma duk sun shanya. Wa za mu bai wa?"

Hajiya Barira ta miƙe. Ta ajiye makullin kantin a gaban Hadi, ta ɗauki jakarta ta fita, ta bugo ƙofar ofishin Sufeto har buhun ya zamo daga tebur ya faɗi ƙasa.