Abincin Maruƙa

A gidan Ruedi Zumbrunn akwai wani abu da ake sauke murya idan an zo kusa da shi, ba a barin baƙo ya taɓa shi, kuma duk Lahadi maigida da kansa yake sauka ɗakin ƙasa ya goge shi da tsumma. Cuku ne.

An yi shi da madarar ranar da aka haifi Meret, 'yarsa tilo, ya kuma shekara ashirin da shida yana jiran mijinta. Al'adar gidan ke nan tun kaka da kakanni: saurayi ya zo cin abincin rana, uba ya fito da cukun, ya kankaro ɗan siriri ya miƙa masa. In ya ci, an ba shi yarinya. In cukun bai fito ba, saurayi ya san hanyar tashar jirgi. Ba wanda ya taɓa tanadar abin yi idan uba ya miƙa, saurayi ya ce ya gode.

Abin da Silvan ya yi ke nan. Malamin firamare ne daga birnin Bern, dogo, mai ladabi har ya so ya yi yawa, kuma ya daɗe da barin nama da ƙwai da duk abin da aka tatso daga dabba.

"Yallaɓai, na san girman abin nan," ya ce, "amma ba na cin cuku. Meret ta ce za ta gaya maka."

"Na gaya masa," in ji Meret.

"Na ɗauka ciwo ne," in ji Ruedi. "Na ce zai warke."

Da Silvan ya tsaya a nan, da da sauƙi. Sai ya zaro gwangwani daga jaka, wai tsaraba ce ya kawo wa Lisbeth, uwar Meret. Ya buɗe: wani gari ne rawaya, ɓarzajje kamar dusa. Ya yi bayani da muryar aji cewa yis ne, amma ba mai kumbura burodi ba. An busar da shi da zafi, yana da bitamin, kuma in aka barbaɗa a makaroni yana ba da ɗanɗano kamar na—

"Kamar na me?" in ji Ruedi a hankali.

"Kamar na cuku, yallaɓai."

Ruedi ya karɓi gwangwanin ya shinshina. "Lisbeth, kin san wannan? Ɗan'uwan wanda nake zuba wa maruƙa ne in gashinsu ya dusashe." Ya miƙe, ya buɗe taga, ya juye shi kaf a bokitin maruƙa da ke gindin bango. "Kai kuma, ɗan birni, ba ka ƙara zama a teburin nan. Ke, in kin aure shi, nemi wanda zai riƙa hannunki zuwa gaban coci. Ba ni ba."

A hanyar tasha Meret ta yi kuka, irin kukan da haushi ya fi baƙin ciki yawa a cikinsa.

"Ko loma bai kai ba, Silvan. Ana iya karanta jarida ta cikinsa. Ka haɗiye, ka sha ruwa, shi ke nan."

"Gobe fa? Ya sake miƙo mini, in sake haɗiyewa? Ba na so in shiga gidanku da ƙarya."

"To ga shi ka fita da gaskiya, sannu da ƙoƙari. Kuma wa ya aike ka da gwangwani? Gidan mai cuku. Ka taɓa ganin an kai wa fasto littafin duba?"

"Na ɗauka tsaraba ce mai amfani."

"Ta yi amfani. Maruƙa sun gode."

Ta koma gida ta yi wa ubanta nasa kason. Ta ce da ɗan Adam za ta zauna, ba da cikinsa ba. Ta ce mutumin ba ya shan giya, ba ya caca, bai taɓa ɗaga mata murya ba, laifinsa kawai ya bar wa saniya nononta. Ruedi ya ce ai laifin ke nan, domin da kowa zai yi haka da sun kwana da yunwa. Gaskiyar wannan ta ƙara wa Meret haushi. Tana iya tattara kayanta ta bi jirgi, ba dokar da ta hana. Amma tana son mijin, tana kuma son hannun ubanta a ranar, ta ƙi yarda a sa ta zaɓi ɗaya. Sai ta zauna, tana tatsar shanu da fuska a murtuke.

Ana gab da yankan ciyawa zuciyar Ruedi ta yi masa gargaɗi a tsakiyar garke. Ya dawo daga asibiti da ƙwayoyi da dokar likita: a rage gishiri, a rage kitse, cuku kuwa a gaishe shi daga nesa. Lisbeth ta dafa makaroni da dankali salam, ya ɗanɗana ya ture. Ya rame har wandonsa ya fara neman mai shi. Ga ciyawa ta isa yanka a gangaren da mutum ke tsayawa ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ba wanda ya kira Silvan. Hutun makaranta ne, sai ga shi da takalmin aro. Ya yi aikin yadda malamin firamare zai yi shi, wato ya faɗi, ya tashi, tafin hannunsa ya yi bororo, amma ciyawa ta shiga rumbu kafin ruwa. Da rana kuma, tunda an hana shi tebur, yana zama a dokin ƙofa da ɗan kwanonsa, ya barbaɗa garinsa ya ci. Iska kuwa ba ta san an yi faɗa ba, tana kai ƙamshin har kujerar mara lafiya.

Lisbeth ta same shi a nan ta yi ƙasa da murya. "Ba ni cokali biyu in zuba wa maigida a miya. Ba zai sani ba."

"Ɗauki gwangwanin duka, Mama, amma a gaya masa."

"Kai dai gaskiyar nan taka tana gajiyar da mutane," in ji Lisbeth.

Meret ce ta karɓa. Ta soya albasa, ta dama garin da ruwan dankali har ya yi kauri, ta kwarara a kan makaroni, ta dire farantin gaban ubanta da gwangwanin a gefensa.

"Baba, abincin maruƙa ne. Likita bai hana shi ba. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka ci gaba da ramewa, sai mu yi bikin da jana'izar rana ɗaya mu huta."

"Ba na cin jabun kaya," in ji Ruedi. "Ni da na ci cukun surukina kamar namiji—"

"Aljihunka ya ci," in ji Lisbeth, ba tare da ta ɗago daga saƙarta ba. "Cukun babana ya yi ɗaci, ka yi kamar kana tari ka cusa shi a aljihun kwat. Ni na wanke kwat ɗin. Har yau in an yi ruwa yana tuna mini."

Meret ta dubi ubanta da idon da ya saba duban ɗan birni da shi.

"Wato shi ya ƙi yaudararka, ka kore shi. Kai ka yaudari Kaka, aka ba ka Mama."

Ruedi ya ja farantin don ya sami inda zai sa idonsa, da idon ya gaji sai cokali ya karɓa. Ya cinye tas.

"Ba cuku ba ne," ya ce.

"Ba wanda ya ce cuku ne."

"Shi ya ce."

"Cewa ya yi kamar."

"Akwai saura?"

Ranar Lahadi ya sauka ɗakin ƙasa ya hawo da cukun, yana haki, ya ƙi a taimake shi. Ya sa aka kira Silvan daga dokin ƙofa, ya kankaro ɗan siriri ya miƙa masa. Silvan ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe baki zai fara bayani.

"Rufe bakin, malam," in ji Ruedi. "Sa a aljihu. Haka ake yi a gidan nan."

Da kaka aka ɗaura aure, Ruedi ya riƙa hannun 'yarsa har gaban coci cikin kwat ɗin nan, kuma Allah ya taimaka ba a yi ruwa ba.

Darasin a bayyane yake, ko da yake ba a cika ɗauka ba: haƙuri da gaskiya suna kai masoya inda ƙarya za ta kai su, sai dai sun fi jan lokaci, kuma a hanya ana yankan ciyawa. Iyaye kuma su riƙa auna suruki da abin da yake yi, ba da abin da yake taunawa ba, musamman in akwai mai wanke musu kwat.

Gwangwanin yana nan a kan teburin Ruedi, kusa da farantinsa, duk wata ana sake cika shi. In baƙo ya tambaya, cewa yake na maruƙa ne. An sayar da maruƙan tun bara.