Malamar Gudu da Mai Gyaɗa

A shekarar da malaman jami'a suka daɗe suna yajin aiki, hatsi kuma ya yi tsada, Tasi'u ya fara ganin Zulaihatu. Faɗa ya fito yi da safe, don kullum yana tarar da sawun ƙafa a gefen gyaɗarsa. Sai ga 'yan mata sun taho a guje ta hanyar da ta ratsa gonaki, ƙanwarsa Larai a gaba. A gindin ɗorawa wata budurwa na tsaye, duk wadda ta iso sai ta kama wuyan hannunta tana duban agogo.

Ya manta da faɗan. Ya tambaye ta me take saurare a hannun mutane.

"Zuciya," ta ce.

Ta gaya masa digiri na biyu take yi a Kano, kan yadda jikin mace yake aiki idan tana gudu. An daɗe ana auna maza, mata kuwa ba a cika tambayarsu ba. So take ta san abin da yake ƙara musu ƙarfi da abin da yake rage shi.

Daga ranar kullum Tasi'u yana da sabuwar tambaya. Ya tura mata saƙo: "Malamar gudu, me ya sa haƙarƙari yake suka in an yi gudu bayan an ci tuwo?"

Ta amsa: "Mai gyaɗa, ka zo gobe ka ji. Ka taho da dafaffiya, ɗalibaina ba sa karyawa."

Wata rana Muntaka abokin karatunta ya zo a babur, suka daɗe suna magana. Tasi'u ya ɗauke ƙafa. Ta rubuta masa: "Ma'auni ya kawo min, matarsa ma ta ce a gaishe ka. Dawo, gindin ɗorawa ya yi shiru."

Ya dawo, ranar kuma ya faɗi abin da ke ransa.

Mahaifinta bai ƙi ba. Wadda ta ƙi ita ce mahaifiyar Tasi'u, yayata Hure, Allah ya jiƙanta. Ta ce gudu yana ɓata mahaifa, ba za ta yi surukar da take tsere kamar namiji ba. Ta hana Larai fita, sauran iyaye ma suka janye 'ya'yansu. Aure ya tsaya, karatu ya tsaya.

Zulaihatu ta je gaishe ta, ta durƙusa. Ba roƙo ta yi ba, tambaya ce ta daɗe tana cin ta.

"Inna, Larai a wurin wa ta gaji ƙafa?"

Hure ta ce a wurinta ne, muna yara ba wanda yake kamo ta a gudu a garin nan, ko cikin maza. Tana amarya akuya ta tsinke, ta bi ta da gudu, ba ta san tana da ciki ba. Ba a jima ba ya zube. Tun daga nan ba ta ƙara ɗaga ƙafa ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

"Inna, ban san abin da ya ɗauke shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Zulaihatu. "Amma ƙaramin ciki yana zubewa ko mace tana kwance a ɗaki. Ban yarda ƙafarki ce ba."

Hure ta yi kuka sosai. Da ta share ido sai ta miƙa hannu.

"To, ji min tawa zuciyar, ja'ira."

Washegari Hure ce a gindin ɗorawa, agogo a hannunta, tana yi wa Larai faɗa wai tana buga diddige kamar mai kirɓa kuka.

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure. Hure ta riƙe hannun amarya ta ce in Allah ya ba su mace, kada a hana ta gudu.

Ba ta ga digirin ba, ba ta ga jikar ba. Yarinyar sunanta ta ci, kuma yanzu ba mai iya kamo ta a tsakar gida. Allah ya yi musu albarka, ya kai haske kabarin Yaya.