Keken Tsohuwa Olha

Rahoton ya iso ofis bayan la'asar, lokacin da Sufeto Shakir ya riga ya cire takalmi yana lallaɓa gwiwarsa. An fasa kaya a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Da aka ce ma'aikatan wurin Hausawa ne, kowa ya juyo ya kalle shi. Kakanninsa da ƙafa suka zo hajji daga Katsina suka zauna, shi kuma ladan da ya gada ke nan: duk rigimar Bahaushe a Riyad, tasa ce.

A ƙofar siton ya tarar da wata Baturiya cikin abaya, idanunta sun kumbura. Sunanta Halyna, ma'aikaciyar jinya 'yar Yukiren. Tun da yaƙi ya ɓarke a gabashin ƙasarsu, tsofaffin garinsu suka rasa inda za su karɓi fansho. Ita ce ta bi abokan aiki tana roƙo, har ta tara musu barguna, riguna masu kauri da tabarau.

"Gobe da safe mota za ta kai kayan tashar jirgin ruwa," in ji ta cikin Larabcinta na asibiti. "In suka rasa wannan jirgin, sanyi zai riga su isa."

"Me aka ɗauka?"

"Barguna kaɗan, tabarau, da keken marasa lafiya. Keken na malamata ne, Olha. Ba ta iya sauka daga bene. Na riga na yi mata alkawari."

Sufeto ya duba kwalayen. Ba a taɓa takalman ƙanƙara ba, haka manyan riguna. Ɓarawon kasuwa kwali yake sunkuta ya wuce, wannan kuwa tsayawa ya yi ya zaɓa. A cikin kwalin da aka zare barguna, ga ƙullin dabino an jera a gurbinsu.

"Naki ne?"

Ta girgiza kai.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ɓarawo da barin tukwici."

Ya fara da Ghali, direban siton.

"Ina ka kai motar jiya?"

"Wallahi yallaɓai ko tayar da ita ban yi ba."

"To mai gadin babbar ƙofa ya ga aljani ne yana tuƙi? Kawo iƙamarka, katin zamanka, mu kira kafilinka, uban gidan da ya kawo ka ƙasar nan, ya ji."

Nan take gumi ya karyo wa Ghali. Ya ce gaskiya yakan ɗan yi lodi a ɓoye. Jiya ma Harouna ne, mai gadin siton, ya roƙe shi ya kai masa wani babban ɗauri wajen masu aika kaya gida a unguwar Batha.

"Me ke ciki?"

"Ban tambaya ba. Mutum zai tafi hutu, ai ka san tsaraba ce."

Ɗakin Harouna kwantena ce da aka yanka wa taga. Dogo ne, ɗan Maraɗi, furfura ta fara cin gemunsa. Ya ce bai ga kowa ba, bai ji komai ba. Sufeto bai yi musu da shi ba, don ya gaji da jin ƙarya tun kafin a yi ta. Ya zauna bakin katifa yana kallon jarkar zamzam, da dardumar salla sabuwa, da kwalin dabino wanda aka kwashe rabinsa.

Ya ciro ƙullin da ya ɗauko a sito, ya ajiye kusa da sauran. Leda ɗaya, ɗauri ɗaya.

"Malam Harouna, wa ya ci rabin tsarabarka?"

Harouna ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, saboda mahaifiyata ne, Inna Biba. Ƙafafunta sun mutu, da tabarma ake jan ta zuwa inuwa. Na daɗe ban je gida ba, in shiga mata da dabino kawai? Na ji an ce kayan tsofaffi ne, sadaka. Na ce ai tawa ma tsohuwa ce."

"Shi ya sa ka bar musu dabino."

"Don kada ya zama sata."

"Ya zama," in ji Sufeto, ba tare da ya ɗaga murya ba. Tausayin mutumin ya kama shi, tausayin kuma bai hana shi kiran kurtu ya kawo ankwa ba.

Kafin magariba aka dawo da ɗaurin daga Batha. Halyna ta ga keken, ta kai hannu. Kurtun ya tare ta, ya ce kayan shaida ne, sai kotu ta gama.

"Yaushe?"

Sufeto ya san amsar: sai bayan jirgin ya daɗe da tashi.

Ana tura Harouna cikin mota ya waiwayo. "Yallaɓai, a taimaka a buga waya gida. Na riga na ce mata tana da keke."

Washegari motar kaya ta kama hanyar tashar jirgin ruwa da barguna da takalma. Keken kuwa aka jingine shi a ɗakin ajiya na ofis, bayan wata tsohuwar fanka, aka kulle ƙofa.