Ganyen da Ya Karkace

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce auta a gidansu. Hannunta na da kyau, amma kanta dutse ne. In ta ce a'a, ko da taɓarya ba ka juya ta.

A makarantarsu ana koya musu aikin fata. Malama ta nuna musu yanka, da huda da basilla, da ɗinki. Auta ta fi kowa iyawa. Da aka sa ranar baje koli, kowa ya kawo abin da ya ɗinka ya sayar, ita aka ba teburin bakin ƙofa.

Ɗinki kam ta iya. Zane ne ya gagare ta.

Mamarta tana da wata jar jaka da ta saya wurin tsohon badukun da ke ƙarshen layinsu. A jikin jakar akwai reshe mai ganye bakwai. Auta ta ɗora farar takarda a kai, ta yi ta goga fensir a hankali, har reshen ya fito sak. Ta mayar da shi kan fatarta, ta bi shi da tsinken ƙarfe. Kafin mako ya ƙare ta gama 'yan jakunkuna shida.

Mama ta gani, ta tambaye ta wa ya ba ta zanen. Ta ce ai a jakarta ta ɗauka.

"Jakar na saya, ban sayi zanen ba," in ji Mama. "Je ki tambayi mai shi."

Auta ta turo baki. Ta ce ganye na Allah ne, kowace bishiya tana da shi, ita ba ta roƙon kowa. Mama ta ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ranar baje koli mutane suka cika teburinta suna yabo. Can sai ga tsohon baduku da sandarsa, ya zo ganin aikin jikansa. Ya ɗauki jaka ɗaya, ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, wa ya yi wannan zanen?"

"Ni ce."

"Madalla. To me ya sa ganye na biyar ya karkace?"

Auta ta duba. Wallahi ba ta taɓa lura ba. Ga shi nan a karkace, a duk jakunkunan shida. Amma ta ɗaga kai ta ce haka take so.

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce yana cikin zana reshen nan, sai 'yarsa, tana ƙarama lokacin, ta haye bayansa ta ture masa hannu, tsinke ya zame. Bai gyara ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ga ganyen nan ya san aikinsa ne.

"Kin kwashi zanena," ya ce, "har da turin 'yata kika haɗa."

Malama ta zo ta fara tattara jakunkunan. Auta ta dafe su da hannu biyu. Ta ce fatar tata ce, zaren nata ne, yatsanta ne basilla ta soka.

"Gaskiyarki, ɗinkin naki ne," in ji Malama. "Yanka jaka da ɗinka ta, kowa na iya koya. Amma zanen da mutum ya ƙirƙira nasa ne. Shi ake kira haƙƙin mallaka, doka ma ta san da shi. Ba ki sayar da shi sai da izininsa."

Aka tafi da jakunkunan. Auta ta tsaya bayan teburin da ba komai, ta harɗe hannu. Ta ƙi zama, ta ƙi kuka, har aka tashi.

Kwana uku tana kumburi kamar kwaɗo. A na huɗu ta nufi shagon tsohon. Ta gaya wa kanta ba haƙuri za ta ba shi ba, musu za ta yi.

Ta same shi zaune cikin guntayen fata. Ta ce masa ita ba ta iya zane ba, to ya yake so ta yi? Ya buɗe wani tsohon gwangwani, ya fito da wata busasshiyar fata mai zane a jiki, ya tambaye ta me ta gani. Ta ce buta. Ya ce kaza ce, kuma shi ne zanensa na farko.

Dariya ta ƙwace mata. Daga dariyar sai ga hawaye. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ya yafe, jakunkunan nan ta karɓo wurin Malama ta raba wa 'yan gidansu, ban da sayarwa. Ya miƙa mata fensir, ya ce ta zana abin da take gani kullum.

Akwai wani ƙadangare mai guntun wutsiya a katangarsu, kusa da famfo. Ta zana shi ya fi sau ashirin. Na farko, yayanta ya ce dankali ne mai ƙafa. Ta harare shi, ta ci gaba, har ta mayar da ƙadangaren kan sababbin jakunkuna.

Da baje koli ya zagayo, wata mata ta sunkuyo ta ce ta yi mata jaka mai ganyen nan, ta tsohon ta yi tsada, ba wanda zai sani.

"Ni zan sani," in ji Auta. "Ba zan yi ba. Shagonsa na ƙarshen layi. In ƙadangare kike so, ga shi."

Matar ta tafi tana cewa yarinya sai taurin kai. Tsohon baduku ne ya fara saya. Ya kai jakar kusa da idonsa, ya tambayi me ya sa wutsiyar ta gajarce.

"Kyanwarmu ce ta cije ta, a gabana," in ji Auta. Wannan karon tana da amsa.

To kun ji. Abin da wani ya zana nasa ne, ku nemi izini ko ku ƙirƙiri naku. Taurin kai kuwa, a kan gaskiya ake yin sa.