Tashar Da Ba Ta Kai Gidanmu

"Ki gaya masa kada ya wahalar da iyayensa. Ba zan bayar ba."

Umma ba ta ɗaga murya ba. Wanki take ninkewa, ko kallona ba ta yi ba.

"Umma, ko ganinsa fa ba ki taɓa yi ba..."

"Na gan shi. Shekara ashirin da biyu ina auren irinsa."

Baba take nufi. Na cire tabarau na shiga gogewa da bakin mayafi.

"Ubanki ya ba gidan talabijin ɗin nan ƙuruciyarsa da lafiyarsa. Ke ma sun ɗauke min ke, yanzu kuma ki kawo min mai hawa ƙarfen eriyarsu? Na gaji, 'yar nan. Wallahi na gaji."

Ni ma na gaji, amma ban faɗa ba.

Tasharmu ƙarama ce. Wani malamin makaranta da ya yi ritaya ne ya kafa ta a saman shagon katifa, da kyamara ɗaya da shuɗin labule. Baba ne ya fara karanta labarai a cikinta. Na'urarmu ba ta da ƙarfi. Hoto yakan kai kasuwa, ya kai tashar mota, da ya zo gindin dutse sai ya tsaya. Gidanmu kuwa a bayan dutsen yake. Har Baba ya rasu Umma ba ta taɓa ganinsa a talabijin ba. Matan kasuwa ke ba ta labarin rigar da ya sa, ita da ta goge ta da hannunta. Ta kuma rantse ba za ta je gidan wata kallon mijinta ba.

Sau uku aka sayar da tashar. Akwai shekara biyun da ba abin da muke nunawa sai tallar maganin ciwon baya. Yanzu wani kamfani ya saye ta, ƙarshen wata za a rufe. Manaja ya ce in haɗa shirin tarihinta na rabin awa, tunda ni ce a ɗakin kaset.

To ina tarihin? Kaset kaɗan muke da su, ana ta ɗaukar sabon shiri a kan tsoho. Abin da ya tsira kawai wutsiya ce. In sabon shirin bai kai tsohon tsawo ba, sai ɗan guntun na da ya leƙo a ƙarshe. Rabin waƙa, ƙafar wani ɗan ƙwallo, wata mata tana cewa "sai ki zuba". Sati biyu ina tsince su har idona ya yi ja.

A haka Injiniya, wanda ke neman aurena, ya same ni washegari. Shi ke kula da na'ura da eriyar da ke saman bene. Ya zauna a kan kwali, hannunsa duk baƙin mai.

"'Yar Kaset, fuskar nan ba ta kawo albishir ba."

"Ta ce a'a."

"A'a ta yau, ko a'a ta har abada?"

"Ban sani ba... ban iya tambaya ba."

Ya jingina kai da bango ya rufe ido. Babbar tasha a can birni ta yi masa alkawarin aiki, takardar shaida daga Manaja kawai ake jira. Ya so a yi maganarmu kafin ya tafi.

"Masoyiya, ke kam ko sauro ya cije ki sai kin ba shi haƙuri."

"Kada ka sa ni kuka, ƙura ta riga ka."

Aka turo ƙofa ba sallama. Tauraruwa ce, mai karanta labaranmu na yanzu, turarenta ya riga ta shigowa.

"Au, ashe darasi ake. Ƙanwata, shekaranjiya na leƙa na gaida Umma. Na yi mata murnar surukinta zai kwashe ki zuwa birni. Ashe ba ta sani ba? Ayya! Bakina."

Ta dubi Injiniya ta yi murmushi. Ita ma ta nemi aiki a can, kowa ya sani, kuma kowa ya san ba aikin kaɗai take nema ba.

"Allah ya saka da alheri," in ji shi. "Ki ja mana ƙofar."

Ta fita. Amsa mai zafi ta zo min, amma sai bayan awa uku, ina cikin mota.

Ana saura kwana huɗu a rufe na yi tsintuwa. Kaset ne na wani shirin noma. Shirin ya ƙare, allo ya yi tsalle, sai ga shuɗin labule.

Sai ga Baba.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na mayar na sake kallo har ban san adadi ba. Da Injiniya ya shigo ya gan ni zaune a ƙasa, bai tambaye ni komai ba. Ya kalla sau ɗaya, ya juyo gare ni.

"Ki kai wa Umma a waya mana."

"Na gwada jiya da hotonsa na bango ma, ta ce in ɗauke. Ta ce tashar da ba ta san hanyar gidanta ba yana raye, kada a kawo mata ita a aljihu."

Ya daɗe yana kallon silin.

"Eriyarmu kasuwa take fuskanta. In na kwance ta na juya, na ɗaga ta sama kaɗan, hoto zai iya tsallake kafaɗar dutsen."

"Kasuwa fa?"

"Za ta rasa."

Na miƙe tsaye. A zauren kasuwa Manaja ya tara manyan baƙi, da mutanen kamfanin, don su kalli shirin ƙarshe.

"Takardarka fa? Kada ka yi! Don Allah kada ka yi saboda ni!"

"Shekara tara ina hawa ƙarfen nan don mutane su ga tallar magani. Bari in hau sau ɗaya don wani abu."

"In ka rasa aikin, ai ƙara ƙin ka za ta yi."

"Ta riga ta ƙi ni, masoyiya. Me ya rage?"

"To ni ban yarda ba."

"Na ji."

Ya fita. Kwana uku ban ɗaga wayarsa ba. Tsoro nake ji ya fasa, tsoro nake ji ya yi.

Ranar rufewa na miƙa shirin, na ce kaina na ciwo, na koma gida. Ƙarfe huɗu na yamma na kunna talabijin na kai lambar tasharmu. Shuuu, kamar kullum. Umma na zaune tana ɗinke maɓalli.

"Kashe min wannan ƙarar."

"Minti biyar, Umma."

Na zuba wa allon ido. Huɗu da minti goma, ba komai. Na ce a raina ya ji maganata, sai na ji wani irin baƙin ciki da ban zata ba.

Sai allon ya yi rawa.

Hoton bai fito da kyau ba, duk yayyafi ne, kamar ana kallon mutum ta cikin ruwan sama. Guntayen suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Sannan murya ta fito tas.

"...har sai an gyara famfon unguwar. Ƙarshen labaran ke nan."

Allurar ta tsaya a hannun Umma.

Baba ya tattara takardunsa. Ya ɗauka an kashe kyamara. Kafaɗunsa suka sauka, ya dubi gefe ya ce da wani, "An gama? Ku yi sauri don Allah, da zazzaɓi na baro ta."

Allon ya koma shuuu.

Daga baya na ji Tauraruwa ce ta hango Injiniya a sama ta kira Manaja, shi kuma ya bar baƙinsa gaban farin allo ya zo a guje ya kashe na'urar da kansa. Haka tasharmu ta ƙare, saura minti goma sha ɗaya shirin tarihinta ya cika.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon allon.

"Na tuna ranar," ta ce. "Sai bayan isha ya shigo. Bai samu mota ba, da ƙafa ya zagayo dutsen. Kwana biyu ban yi masa magana ba."

"Umma..."

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na faɗa mata, har da maganar takardar.

"Kira min shi."

Ya iso gab da magariba, tafin hannunsa duk ya saluɓe. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ni ina bayan labule.

"An ba ka takardar?"

"An yaga ta a gabana, Umma."

"Madalla. Yanzu me kake da shi?"

"Akwatin kayan gyara. Da hannu biyu."

"Hannun ma ga yadda ka mai da su. Birnin fa?"

"Ya tafi da mai rabo."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Ita ma hana ni ta yi."

"Ta fi ka hankali." Ta ja numfashi. "Ƙarfe nawa za ka riƙa dawowa gida?"

"Kafin magariba, in Allah ya yarda."

"Ƙarya kake. Duk haka kuke cewa." Ta ɗauki rigar da take ɗinki, ta kasa samun ramin allurar. "Ke, fito ki kawo masa ruwan ɗumi da auduga. Kai kuma ka ce iyayenka su zo."

Tauraruwa ta samu aikin birni. Muna ganinta wani lokaci, hotonta tas, ba yayyafi ko ɗigo.

Mu kuma wata bakwai ke nan da aurenmu. Ya kama ɗan shago kusa da tashar mota yana gyaran talabijin da fanka. Saman shagon katifa ya zama wurin ajiye katifu. Kullum a gajiye yake dawowa, ni ma a gajiye yake samuna.

Jiya sai bayan isha ya shigo, yana ta haɗa bayani tun daga ƙofa. Raina a ɓace yake, na shirya yin shiru.

Na ce masa, "Sannu da zuwa. Zauna, ka sha hanya."